Man Zaitun da Bencin Baya

A daminar da tsutsa ta sake faɗa wa masara a yankinmu ne aka sa mahaifina a horo, a majami'ar da shi da hannunsa ya kwaɓa ƙasar gininta na fari. Ina zaune a Funtua a lokacin, ban jima da barin aikin rediyo ba. Ƙanwata ce ta kira ni a waya daga ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, ta ce in zo, Baba ya yi halin nasa. Na tambaye ta wanne daga ciki. Ta ce ya zuba man zaitun ɗin Fasto a sarƙar kekensa, a bakin ƙofar majami'a, mutane suna fitowa daga sujada.

Na yi shekaru ina karanta labarai, kuma aikin ya koya mini kada in yanke hukunci kafin in ji ɗaya ɓangaren. Amma a wannan karon, tun kafin in ajiye wayar na san jin ɗaya ɓangaren ba zai sauya komai ba. Na san keken, na kuma san mai keken.

Ga wanda bai san tsarin majami'unmu ba, horo ba kora ba ce. Idan mutum ya yi laifin da ya fito fili, dattawan ikilisiya sukan zauna su yanke masa. Yana zuwa sujada kamar kowa, amma a bencin baya yake zama, kusa da ƙofa. Ba ya jagorantar addu'a, ba ya karatu a gaba, kuma idan aka zo Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙo sukan wuce shi. Haka zai zauna har ya miƙe a gaban jama'a ya furta laifinsa. Waɗanda aka saba gani a bencin nan su ne saurayi da budurwar da suka riga aure, ko magidancin da ya koma wa giya. Baba kuwa ya haura tamanin, hawan jini ya taɓa kayar da shi, kuma tun ranar da aka yi masa baftisma a rafi bai taɓa barin Jibi ya wuce shi ba. Abin da ya sa ƙanwata kuka ke nan. Ta ce, idan ya mutu a bencin nan fa?

Washegari na hau motar Malumfashi, daga tasha na ɗauki ɗan acaba. Tun a hanya na ga halin da gonaki suke ciki. Masara ta wuce gwiwa, amma ganyenta duk huda ne, kamar an bi shi da ƙusa. Gonakin da ke can cikin daji kuwa ciyawa ta rufe su, domin mutane sun daina zuwa saboda tsoron 'yan bindiga.

Dole in yi wa Faston adalci. Matashi ne, bai daɗe da gama makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ba aka turo mana shi. Ba rago ba ne, ba kuma mai kwaɗayi ba. A kan babur ɗinsa ake kai masu naƙuda asibiti. Matsalarsa ɗaya ce, wayarsa. A cikinta akwai manyan masu wa'azi na birane, masu fararen kwat da fitilu masu launi, waɗanda suke fesa wa jama'a ruwa suna faɗuwa. Ya je wani babban taro a birni kafin ruwan farko, ya dawo da kwali cike da ƙananan kwalaben man zaitun da aka ce an yi musu addu'a. Bai sayar ba, kyauta ya raba, kowane gida kwalba ɗaya. Ya ce kowa ya je gonarsa ya ɗiga a kusurwoyi huɗu, domin tsutsa da kuma miyagun mutane. Da sayarwa ya yi, da maganar ta zo mini da sauƙi.

Gidanmu gidan Maguzawa ne tun asali. Kakana bai taɓa shiga masallaci ko majami'a ba. Kowace shekara kafin shuka yakan yi wa gona kafi: a yanka jan zakara, a ɗiga jinin a kusurwoyi huɗu, a binne ɗan tulu da saiwoyi a gindin tsamiya. Baba ne mai riƙe ƙafafun zakaran tun yana ƙarami. Da ya karɓi bishara yana saurayi, aka yanka masa tasa gonar, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki fartanya ya tone tulun ya fasa shi. Kakana ya daina cin abinci a kwano ɗaya da shi har ya rasu. Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya sun shirya, amma Baffa yana nan a kan hanyar iyayensa, yana yanka zakaransa, Baba kuma yana yi masa addu'a da suna kowace safiya ko ya so ko bai so ba.

Na tarar da Baba a gindin darbejiyar ƙofar gida, keken yana jingine da bango, sarƙar tana ƙyalli. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗan rediyo, an aiko ka ka karanta mini labarai ne?"

Na ce gaisuwa na zo. Ya ce to na gaishe shi, kuma in ina son in sani, sarƙar nan ba ta taɓa laushi irin na yanzu ba, man mai kyau ne ƙwarai. Sai ya ɗaga yatsu huɗu ya ce, "Kusurwa huɗu. Ka ji ko? Da uku Faston ya ce, da sai in ce wani sabon abu ne ban gane ba. Amma huɗu, ni za a faɗa wa?"

A kan ainihin maganar ban da ja da shi, kuma har yau ba ni da ja. Abin da aka koya mana tun muna ajin Lahadi shi ne Allah ba a ɗaure shi da abu. Addu'a roƙo ce ta ɗa ga Uba, wanda yake da ikon ya bayar, yake da ikon ya hana, ba tarko ba ce da ake ɗana wa iskoki. Akwai wurin da Littafi ya yi maganar mai, gaskiya ne, kuma shi Fasto ya kafa hujja da shi. Amma wurin yana magana ne a kan mara lafiya da ya kira dattawa su yi masa addu'a su shafa masa mai, kuma nauyin maganar yana kan addu'ar, ba kan man ba. Babu gona a wurin, babu masara, babu kusurwa. Duk wanda ya karanta ayar da ke gaba da wadda ke baya zai ga haka. Sai dai karanta ayar gaba da ta baya shi ne abin da zamanin nan ya daina. Kowa yana da mai wa'azi a aljihu. Matan zumuntar majami'a da suka haddace waƙoƙin sujada tun suna 'yan mata, yanzu sukan taru a kan waya ɗaya suna kallon wani yana busa wa mutane iska a fuska, suna cewa amin. An koma yankar rabin aya ana liƙawa a bayan keke-napep. A gidan rediyo, idan ka yanke maganar mutum rabi ka watsa, a ranar za a kira ka ofis. Maganar Allah ce kaɗai ake yi wa haka ba mai tambaya.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da na ce wa Baba shi ne, Littafin nan da yake karewa ya kuma ce a girmama shugabanni, ya ce idan ɗan'uwa ya yi kuskure a fara samunsa shi kaɗai. Ya ce ai ya same shi shi kaɗai, har gida, da Littafi a hannu, amma yaron ya ce masa zamani ya canza. Na ce ko da haka ne, akwai majalisar dattawa, shi ma ɗan majalisar ne. Ya ce dattawan duk sun ɗiga. Na ce to keke fa, me ya kawo keke cikin maganar tauhidi? Ya ce sarƙar tana ƙara ne, ga mai a hannunsa, ya zubar a ƙasa?

Da yamma na je wurin Fasto. Ya tarbe ni da ladabi, ya kira ni Yaya, matarsa ta kawo ruwa. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce akwai abin da ban sani ba. Tun da tsoro ya shigo, wasu daga cikin 'yan ikilisiya sun fara zagayawa wurin Baffa a ɓoye suna neman kafi. Ya ce gara su riƙe kwalbar da ta fito daga majami'a da su koma wa jinin zakara. Ya ce, "Yaya, kai kana Funtua. Ni nake ganin fuskokinsu. Mutum yana jin tsoro, kana ce masa ya yi addu'a kawai, hannunsa ba komai?"

Maganar Funtua ta taɓa ni, domin gaskiya ce. Na ce masa Ubangiji bai bar hannunmu ba komai ba. Ya ba mu ruwan baftisma, ya ba mu gurasa da ƙoƙo, kuma ya faɗa mana ma'anarsu. Waɗannan ne abubuwan da ya sa a hannunmu, kuma ɗaya daga ciki ne aka hana wani tsoho saboda kwalbar da ba wanda ya umarta. Sai ya ce ba shi ya yanke horon ba, dattawa ne.

Dattawan kuwa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa gajiya da mutane kamar yadda na gaji da su ba. Kowanne idan muna mu biyu sai ya rage murya ya ce ai Baba yana da gaskiya. To me ya sa ka ɗiga? Wannan ya ce matarsa ce ta matsa. Wancan ya ce in bai yi amfani ba, ai ba zai cutar ba. Wani ya ce shi a kusurwa biyu kawai ya sa, don kada a ce ya ƙi. Da suka taru kuwa sai magana ta zama ɗaya: an raina bawan Allah a gaban yara, dole Baba ya miƙe ya nemi gafara. Na tambaya ko za a duba batun man shi kansa, a buɗe Littafi a gani. Suka ce a yi haƙuri, ba shi ke gabansu ba. Aka rufe da addu'a mai tsawo.

Daga nan na shiga zirga-zirga tsakanin Funtua da ƙauye kusan kowace Lahadi. Ina wurin ranar da aka yi Jibi na farko bayan horon. Baba ya zo da wuri cikin farar rigarsa, ya wuce kujerarsa ta gaba ba tare da ya dube ta ba, ya zauna a bencin baya. Kusa da shi akwai wani saurayi da yarinyar da zai aura, su ma suna cikin horo, kansu a sunkuye. Baba ya buɗe littafin waƙoƙinsa ya matsa musu don su gani. Dattijon da ya ɗauko farantin gurasa kuwa, Baba ne ya koya masa karatu. Ya bi benci-benci har ya zo na kusa da ƙarshe, sai ya juya da sauri kamar an kira shi. Baba bai motsa ba. Hannuwansa suna kan gwiwoyinsa, yana rera waƙar da ake yi, bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Da muka koma gida ƙanwata ta kawo tuwo, ya ce ba ya jin yunwa. Ya shiga ɗaki ya kwanta da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ya yi ba sai yana ciwo.

Na bi shi ɗakin na ce, Baba, magana ɗaya ce fa, ka miƙe ka faɗa a wuce wurin. Ya juya fuskarsa bango ya ce in ya nemi gafara, yara za su ɗauka man yana da tsarki. Ya ce ya rasa kwanon mahaifinsa a kan wannan magana, ba zai sayar da ita don farantin majami'a ba.

Ana cikin haka Baffa ya zo. Wata Lahadi ce, an tashi daga sujada, muka fito muka tarar da shi tsaye a inuwar bangon majami'a, ya dogara da sanda, da jan zakara a hammata, ƙafafunsa a ɗaure. Ya girmi Baba, kunnensa ya yi nauyi, don haka da ƙarfi yake magana. Ya jira har Fasto ya fito, ya gaishe shi yana kiransa Malam, ya ce ya zo ne a ba shi tasa kwalbar. Ya ce kafinsa bai iya da wannan tsutsa ba, ya lura baƙuwa ce, ba ta ƙasar nan ba, don haka maganinta ma sai baƙo. Ga zakara ya kawo, domin shi bai saba karɓar magani hannu sake ba.

Fasto ya ce masa ba magani ba ne. Baffa ya kara hannu a kunne ya ce, to mene ne? Fasto ya ce alama ce ta bangaskiya. Baffa ya ce ba laifi, kowane magani da sunansa, a dai faɗa masa sharuɗɗan. Daga wace kusurwa ake farawa, gabas ko yamma? Da safe ake yi ko da yamma? Ana ƙaurace wa iyali kafin a ɗiga? Fasto ya ce ba ya aiki sai ga mai bi. Baffa ya gyaɗa kai ya ce nasa ma haka yake, in ka yi shakka ya karye.

Wasu samari suka fara dariya, dattawa suka harare su. Sai Baffa ya hangi Baba yana fitowa daga ƙofa, ya ɗaga murya ya ce, "Ƙane, ashe kun dawo gida ba ka faɗa mini ba? Da na san nan za ku ɓullo, ai da ban ɓata shekaruna ina fushi da kai ba."

Ba wanda ya yi dariya a wannan karon. Baba ya kama hannun yayansa ya raka shi har bakin hanya, zakaran yana ta fuka-fuki. Na dubi Fasto, na ga ya tsaya yana kallon ƙasa, Littafinsa a ƙirji.

Na zargi Baba da cewa shi ya turo Baffa. Ya ce shi da yake cikin horo, ina ya ga ikon aiken yayansa? Na tambayi Baffa daga baya, ya ce shi ba a aikensa, kwalba yake so, kuma har yanzu yana ganin rowa aka yi masa. Ban san gaskiyar ba har yau.

Lahadin da ta biyo baya Fasto ya yi wa'azi daga Littafi, aya bayan aya, a kan dogara ga Allah a lokacin tsoro. Wa'azi ne mai kyau. Bai ambaci mai ba. Kwalin kwalaben man da ke bayan bagadi, teburin gaban majami'a, ya ɓace. Ba a yi sanarwa ba, ba a ce an yi kuskure ba, abin ya shuɗe kawai kamar ba a taɓa yi ba. Na ɗauka horon ma zai bi shi. Dattawa suka ce a'a, batun mai daban, batun raini daban. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a nan suna da gaskiya.

Na faɗa wa Baba haka. Na ce, gaskiya ka faɗa, amma ka faɗe ta ne yadda za a yi wa yaron dariya, kuma ka ji daɗin dariyar. Ya ce ni da na yi rayuwata ina karanta abin da wasu suka rubuta, yau ni ne mai karanta zuciya? Ya ce in Malam ya miƙe a gaba ya ce ya yi kuskure, shi ma zai miƙe a baya. Na kai wa Fasto saƙon. Ya ce a shirye yake, amma in ya fara, zai zama kamar ikilisiya ta ba wa wanda ke cikin horo haƙuri, kuma dattawa ba za su yarda ba. Na dawo na faɗa wa Baba. Ya ce to a bar shi a bencinsa, iska ma ta fi shigowa ta nan. Wani Jibin ya sake wucewa. Manya biyu masu Littafi ɗaya a hannu, kowanne yana jiran ɗaya ya fara tashi, ni kuma ina ƙona mai a hanyar Funtua ina kai saƙon da ba ya sauya komai.

Masara ta fara bushewa lokacin da Baba ya faɗi a gona. Jiri ne ya ɗauke shi yana duba dawa. Wanda ya fara isa wurin da abin hawa shi ne Fasto. Shi ya ɗora shi a babur, wani maƙwabci ya riƙe shi ta baya, suka kai shi asibiti a Malumfashi. Da na iso daga Funtua na tarar an sa masa ƙarin ruwa, bakinsa ya ɗan karkace, amma yana magana ana ganewa. Ƙanwata tana gefe tana share ido da bakin zane. Fasto yana tsaye a ƙarshen gado, rigarsa duk ƙasar gona.

Baba ya daɗe yana kallonsa, sai ya ce, "Malam, sauran man nan yana nan, ko ka zubar?"

Fasto ya ce yana nan a gida.

"Je ka ɗauko. Ka taho da dattawa. Ga mara lafiya, ga dattawa, ga mai. Wannan ne aikinsa."

Kafin la'asar suka iso, su uku da Fasto, suna ta sunkuyar da kai a ƙofar ɗakin marasa lafiya. Baba ya ce in buɗe wurin da Littafi ya yi maganar mai in karanta, tunda karatu ne sana'ata, kuma kada in tsaya a rabi. Na karanta har inda aka ce masu bi su furta wa juna laifofinsu su yi wa juna addu'a. Ya ɗaga hannu na tsaya. Ya ce wa Fasto, a hankali saboda bakinsa, "Na kunyata ka a gaban yara, kuma na ji daɗin yin haka. Wannan zunubi ne, ka gafarta mini. Man kuwa mai ne."

Fasto ya durƙusa a gefen gadon. Ya ce ya gafarta, shi ma a gafarta masa, ya ɗora wa mutane abin da Ubangiji bai ɗora musu ba. Ya ɗiga man a yatsa ya shafa a goshin Baba, dattawa suka ɗora hannu, aka yi addu'a. Wani Alhaji da ke kwance a gadon kusa ya ce Allah ya ba da lafiya, muka ce amin, muka yi masa tasa.

Na ɗauka magana ta ƙare. A kan barandar asibitin ɗaya daga cikin dattawan ya ja ni gefe ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ka'ida ta ce a gaban ikilisiya ake furtawa, asibiti ba ikilisiya ba ne. Na tambaye shi, in tsohon bai tashi daga gadon nan ba fa? Ya ce sai a yi addu'a ya tashi.

Ya tashi. An sallame shi, ya yi kwanaki a gida, kuma a Lahadin godiyar kaka, ranar da ake shigo da dammunan dawa da buhunan masara ana jerawa a gaban bagadi, ya dogara da kafaɗata ya miƙe a bencin baya. Ya maimaita abin da ya faɗa a asibiti, bai ƙara ba bai rage ba, har da jimlar ƙarshe. Dattawa suka dubi juna a kan jimlar. Aka sanar an ɗage horon. Fasto bai faɗi nasa a fili ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba, kuma Baba yana tuna mini da haka duk lokacin da na je.

Da aka zo Jibi, dattijon nan da Baba ya koya wa karatu ya tsallake dukan bencina ya fara da na baya. Gurasar ta kusa faɗuwa daga hannun Baba, na tallafe masa. Ya ci, ya sha, ya rufe ido ya daɗe.

Buhunan da aka jera a gaba ba su kai na bara ba. Tsutsa ta ci gonar da aka ɗiga wa mai, ta ci ta Baba da ba a ɗiga ba, ta ci ta Baffa da jinin zakaransa. Waɗanda suka sami yin feshi da wuri ne suka ɗan tsira. Gonakin daji suna nan a yashe.

Baba bai koma kujerarsa ta gaba ba. Ya ce daga baya ya fi ganin masu latsa waya a lokacin wa'azi, kuma yana faɗa musu bayan an tashi, ɗaya bayan ɗaya, a asirce, ya ce haka Littafi ya ce a yi. A zuwana na ƙarshe na shiga ɗakin ƙanwata neman ashana, na ga wata sabuwar kwalba a bayan kwanuka, da hoton wani mai farar kwat a jikinta. Ta ce wata ƙawarta ce ta kawo mata daga birni, ta sha ce wannan, ba ta gona ba. Na ce ta ɓoye ta da kyau, domin na ji sarƙar keken Baba ta soma ƙara.